Kazar gwaggo da hawan Kufena: ina laifin matar mai bishara?

Maman Rahila: Salama gare ku iyayena da 'yan'uwa. Jiya ko barcin kirki ban yi ba saboda wata magana, shi ya sa na ce bari in kawo ta zauren nan, a gaya mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci.

Yawancinku kun san ni da maigidana muna aikin bishara a wani ƙauye can bayan Giwa, bana shekara ta uku ke nan. Makon jiya muka shigo Zariya saboda Rahila, kunnenta ke zubar da ruwa. Muka sauka wajen gwaggona a Wusasa. Likita ya ce a dawo da ita bayan kwana biyar, muka ga a koma ƙauye a sake dawowa asarar kuɗin mota ce, sai muka zauna. A cikin kwanakin nan muka hau Dutsen Kufena, muka shiga tsohuwar majami'ar Wusasa, ɗan gwaggo kuma ya zaga da mu cikin birni. Ranar Asabar gwaggo ta yanka mana kaza. Ni kuwa don murna na ɗauki hotuna na ɗora a shafina na Facebook.

Shekaranjiya sai ga saƙo daga ɗaya cikin masu tallafa mana. Ba zan kama suna ba. Ya ce ashe baikon da suke tarawa na yawon buɗe ido ne da cin kaji, shi ya ɗauka muna can muna fama. Sau uku na karanta. Na goge hotunan, amma hankalina bai kwanta ba, don ji nake kamar na amsa laifin da ban yi ba. Don Allah, na yi kuskure ne?

Ladi: Kaza ɗaya tal? Kazar ma ta gwaggonki? Yaya, mayar da hotunanki. Shi mai saƙon ranar Lahadi me ake dafawa a gidansa, tafasa?

Mama Kande: Ladi, ki bi a hankali, safiya ce. Sannu 'yata, ya jikin Rahila?

Maman Rahila: Da sauƙi Mama, mun gode Ubangiji. Ruwan ya fara tsayawa.

Baba Bitrus: Kafin a fara kallona, ba ni na aika saƙon ba. Amma shekara tara ina riƙe da jakar kwamitin bishara a ikilisiyarmu ta Sabon Gari, saboda haka bari in faɗi abin da ba za ku so ji ba.

Kuɗin nan da ake aika wa masu bishara, ba daga masu motoci yake fitowa ba, galibi. Akwai wata gwauruwa a wajenmu, ƙosai take soyawa a bakin titi. Duk ƙarshen wata za ta same ni bayan sujada, ta kwance haɓar zane, ta ƙirgo mini kuɗin da duk sun sha mai, ta ce na 'yan mishan ne. Matar nan ban san rabonta da kaza ba. To a ce jikanta ya nuna mata waya, ga wadda take tallafa wa a kan dutse tana dariya, ga faranti da cinyar kaza. Ba za ta ga gwaggo a hoton ba. Ba za ta ga kunnen yarinya ba. Faranti za ta gani.

Ban ce kin yi zunubi ba 'yata. Na ce wanda ke cin abin hannun jama'a, idon jama'a na kansa. Ki ci kazarki, ki gode wa Allah, amma ba sai duniya ta gani ba.

Ladi: Wato Baba, ta ci a ɓoye kamar ta sato?

Baba Bitrus: Kunya daban, sata daban. Mu da muka tashi, ko rake ba ma sha a kan hanya.

Haruna Samaru: Baba, da girmamawa, ina ganin nan ne matsalar take. Mun saba da irin hoton da ake nuna mana ranar Lahadin bishara: majami'ar kara da iska ta yaye, yara ba riga, mai bishara da takalmi a tsinke. Da an nuna sai faranti ya cika. Har ya zama mai bishara da ya yi ƙiba abin zargi ne. Mu muka koya wa masu bayarwa cewa wahala suke saye da kuɗinsu.

Ladi: Yawwa. Yaya, ke ma da laifinki ta nan. Me ya sa ba kya ɗora abin da kuke ci a ƙauyen? Da mutumin nan ya ga kwaɗon rama kullum, da bai buɗe baki ba.

Maman Rahila: Ladi, wannan kam da gangan nake ƙi. Bari in ba ki labari, ku yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Daren da muka fara sauka a ƙauyen, ina da cikin Rahila wata uku, ko warin daddawa ba na so. Ba mu gama sauke kaya daga kan babur ba sai ga wata tsohuwa da akushi a hannu, ta dire a gabana. Tuwon dawa ne, jar dawa, da miyar kuka wadda daddawa ta yi mata yawa, ba nama, ba mai. Na ce mun gode Iya. Na ɗauka za ta tafi. Ina! Sai ta jawo turmi ta kife ta zauna, ta zuba mini ido. Maigida ya taɓa ni da ƙafa. Na wanke hannu, na gutsura, na kai baki, zuciyata na tashi ina dannewa. Loma bakwai na yi, ina ƙirgawa. Sannan ta tashi ta ce, "To, ke za ki zauna."

Sai da muka yi wata shida take gaya mini dalili. Ta ce an taɓa kawo musu wani malami, matarsa kullum sai ta karɓi tuwo da fara'a, in an watse ta zuba wa awaki ta bayan danga. Ta ɗauka ba a gani. Yara kuwa sun gani tun ranar farko. Ta ce daga nan ko mijin ya yi wa'azi har maƙogwaronsa ya bushe, a ransu cewa suke, wanda ya raina tuwonmu me zai gaya mana.

Yanzu duk yamma ƙwanuka uku ko huɗu ke shigowa gidanmu, ni ma in zuba nawa in aika. Idan watan takwas ya yi, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, gari duka sai a koma ganye: rama, zogale, tafasa, a daka ƙuli-ƙuli a kwaɗa. Wani gidan sau ɗaya za a ɗora tukunya. Duk da haka sai an ɗebo mana. To Ladi, in ɗauki wannan kwanon da matar ta rage daga bakin 'ya'yanta, in ɗora a waya in rubuta "ku ga irin wahalar da muke sha"? Ai abincinsu ne. Shi suka ci suka girma, shi suke ba baƙon da suke ƙauna. Kuma kar ki ɗauka ba sa gani, samarinsu da ke zuwa cirani Kaduna da Abuja duk suna da waya. Ranar da suka ga na mai da tuwon uwarsu abin roƙo, mun gama aiki a garin nan.

Kazar gwaggo tawa ce, ina iya nunawa. Kwaɗon Iya ba nawa ba ne da zan yi talla da shi.

Mama Kande: Kai. 'Yar nan kin sa ni hawaye da sassafe.

Ladi: Na janye wannan, Yaya. Ban kalle ta ta nan ba.

Baba Rabaran Dauda: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Shekara 14 na yi a ƙauyukan Ikara da Makarfi kafin a dawo da ni gari, don haka abin da yarinyar nan ta faɗa na san shi a cikina, ba a takarda ba. Ubangiji da ya aiki almajirai saba'in, cikin Luka sura 10, bai ba su dogon tsari a kan wa'azi ba, amma ya tsaya a kan abinci: garin da kuka shiga aka karɓe ku, ku ci abin da aka sa a gabanku. A makarantar tauhidi mun ɗauka ƙaramar aya ce. A ƙauye muka gane rabin aikin ke nan.

Abin da ya fi ba ni wuya ni ba tuwo ba ne, burkutu ne. A gidajen Maguzawa in an yi gayya ko biki, ƙwarya ce ke zagawa, kuma ƙin karɓa kamar ƙin mutum ne. Da fari na riƙa kawar da kai ina ɓata fuska, sai na ga ana janye jiki. Wani dattijo mai bi ya koya mini: ka je gayyar da fartanyarka, ka yi noma kamar kowa, in ƙwarya ta zo ka karɓa da hannu biyu ka miƙa wa na kusa, ka ce ni kunu nake sha. Kafin shekara ta zagayo, matan gida da kansu suke ware mini kunun tsamiya a ƙaramar tukunya, har ana tsokanata da Malam Mai Kunu.

Maganar hutu kuwa, Bitrus ƙanena, ka tuna Markus 6:31, inda ya ce wa almajiran su zo waje ɗaya su ɗan huta, don ko zarafin cin abinci ba su da shi. Turawan ƙungiyar mishan ta SIM da muke yabo har gidan hutu suka gina wa kansu a Miango, kusa da Jos, kuma bayan 'yan shekaru sukan tafi ƙasarsu su huta. Namu mai bishara ɗan ƙasa, hutunsa shi ne ranar da ɗansa ya kwanta ciwo aka kawo shi asibiti. Wannan ma mu ƙirga masa?

Baba Bitrus: Baba Rabaran, ban hana hutu ba. Hoto na ce. Turawan ma ai abin da ya raba su da mutane ke nan, suna can kan tudu da abincin gwangwani, jama'a na leƙe ta shingen waya.

Haruna Samaru: Ba duka ba Baba. Tunda Wusasa ake magana, a duba Likita Mila, Baturen mishan. Kafin ya shigo ƙasar Hausa sai da ya je Tarabulus ya koyi Hausa a wajen Hausawan da ke can. A 1900 suka isa Kano tare da Bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su ba su zauna ba. A 1905 ya samu zama a cikin birnin Zariya, tsakiyar mutane, yana magani yana koyar da yara. Sai wajen 1929 mishan ta koma Wusasa. Kuma da suka tashi gina majami'a ba su kwaikwayi ta Ingila ba, ginin ƙasa suka yi irin na Hausa, da bakan gizo. Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, shi ne ƙashin bayan aikin fassararsa. Mutum ba ya fassara Baibul zuwa harshen da bai zauna ya ci tuwo da masu shi ba.

Abin da nake nufi, wuraren da Maman Rahila ta je ba wuraren shaƙatawa ba ne kawai. Mai bishara Bahaushe da bai taɓa shiga St. Bartholomew, tsohuwar majami'ar Wusasa, ba kamar ɗan sarki ne da bai san kabarin kakansa ba.

Mama Kande: Haruna ka yi karatu, amma ni a nan aka yanke mini cibi. Kullum in an tashi tarihin Wusasa sai a ce Mila, Mila. Kakanninmu fa? Wasunsu daga cikin Isawa suka fito, mutanen da tun kafin Bature ya zo suke girmama Annabi Isa. An zaunar da su a Gimi, ciwon barci ya yi musu ɓarna, waɗanda suka rage suka dawo nan. Su suka kwaɓa ƙasar ginin nan da ƙafafunsu. Daga wannan ɗan gari Dakta Dikko ya fito, likita na farko a Arewa. Farfesa Ishaya Audu a nan ya yi makaranta kafin ya zo ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello da kake ciki. Janar Gowon a nan ya tashi. To don 'yata ta ɗauki hoto a ƙofar majami'ar kakanninta shi ne yawon buɗe ido?

Maman Rahila, kin lura da sanyin cikin majami'ar?

Maman Rahila: Mama, da azahar muka shiga, rana na dukan ƙeya, amma ciki kamar an shiga randa. Na dafa bangon, kaurinsa ya ba ni mamaki. Maigida ya daɗe yana kallon sama, yana bin bakan gizon da ido. Da muka fito ya ce shi dai ya daina jin kunyar majami'armu ta ƙasa. Da ma kullum burinsa a samu kuɗin bulo da kwano, ga shi kwanon zafi, in ruwa ya sauko kuma ba mai jin wa'azi.

Sila: Ni majami'a ban da magana. Amma na ga hotunan kafin a goge, har da ƙofar fadar Sarki da masallacin Juma'a. Kufena kuma kowa ya san a da wurin tsafi ne, ana cewa mazaunin iskoki ne. Me ma'aikacin Ubangiji zai je nema a irin waɗannan wurare? Ina ganin wannan ya fi kazar zama abin dubawa.

Ladi: Sila, mutanen Wusasa shekara nawa suna kwana a gindin Kufena? Iskokin ba su gan su ba sai Yaya da ta zo kwana biyar?

Baba Rabaran Dauda: Sila ɗana, buɗe Ayyukan Manzanni sura 17. Bulus yana jiran abokansa a Atina, bai kulle kansa a masauki ba. Zagawa ya yi yana duba wuraren ibadarsu, har ya karanta abin da aka rubuta a jikin wani bagadi, kuma da wannan rubutun ya buɗe jawabinsa. Da bai yi yawo ba, da me zai fara? Ban da haka ma, Sarkin Zazzau sarkinmu ne mu ma. Ƙasarsa muke zaune, hakimansa da dagatansa ke ba mai bishara izinin zama da filin gini. Ka san ƙofar gidan mutum ba laifi ba ne.

Sila: Bulus ya zaga ransa na ɓaci, Baba, ba dariya yake yana ɗaukar hoto ba.

Baba Rabaran Dauda: Wannan gaskiya ne, ransa ya ɓaci. Amma da ya tashi magana da ladabi ya fara. Mu sau da yawa ɓacin ran muke ɗauka mu bar ladabin.

Malam Habila: Sannunku iyaye. Ni ne mijin mai laifi. Ba na yawan rubutu, wayar ma a ƙauye sai an hau tudu take kamawa, amma tunda an zo kan birni bari in ce wani abu.

Wanda ya zaga da mu abokin ɗan gwaggo ne, Musulmi, maɗinkin manyan riguna a cikin birni. Da ya ji ni mai bishara ne bai canja fuska ba. Ta Ƙofar Kuyambana muka shiga, ya nuna mana abin da ya rage na ganuwa, wani wajen ta zube ta zama tudu yara na wasa a kai. Ya kai mu ƙofar fada muka ga zanen bango da dogarai da jajayen kaya. Masallaci daga waje muka tsaya, ban nemi shiga ba shi ma bai ce in shiga ba. Daga nan ya ja mu zaurensu, inda mutum huɗu ke zaune kowa da riga a cinya suna aikin allura. Ya ɗaga wata mai aska takwas ya ce ya fi wata biyu a kanta. Mahaifiyarsa ta aiko mana da fura da nono a ƙwarya, da ludayi ɗaya, muka riƙa miƙa wa juna.

A ƙauyenmu akwai wani tsoho da bai taɓa zuwa sujada ba, amma kullum da yamma yakan zo mu zauna a gindin ɗorawa. Ya taɓa tambayata ko na taɓa ganin gidan Sarkin Zazzau. Na ce a'a. Ya yi dariya ya ce, kana ba ni labarin Urushalima, Zariya da ke nan kusa ba ka sani ba. Na ji kunya ranar. Yanzu ina da abin da zan kai masa.

Haruna Samaru: Malam, da ka ga cikin masallacin da ka ƙara riƙe baki. Babban Gwani ne ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarim, cikin shekarun 1830, da ƙasa da azara. Ginin zamani da ka gani daga waje lulluɓe tsohon aka yi da shi, bakan gizon na asali suna ciki. Masu karatun zanen gine-gine a nan Samaru har yau suna zuwa dubawa. Idan ka haɗa shi da majami'ar Wusasa za ka ga hannu ɗaya ne, magina Zazzagawa.

Sila: Na ji. Amma ni dai Kufena ba zan hau ba.

Ladi: Ce dai gwiwa ba za ta iya ba.

Maman Rahila: Gaskiya hawan ba wasa. Da sanyin safiya muka fara, ni da goyo, sau uku ina zama. Dutsen sulɓi gare shi, wani wajen sai da na cire takalmi na riƙe a hannu. Amma da muka kai sama, ga Wusasa a ƙasa kamar an shanya wanki, ga birni can da itatuwan rimi sun yi masa tsaye, ga gonaki kore shar har inda ido ya ƙare. Maigida ya fara waƙa, ni ban iya bi ba don haki. Muka zauna muka ci gyaɗa da ɗanwaken da gwaggo ta ƙulle mana a leda, ya riga ya huce, man ya daskare, amma ban taɓa cin mai daɗinsa ba. Shekara uku rabon da in zauna awa guda ba wanda ya yi sallama yana neman maganin zazzaɓi ko a karanta masa takarda.

Malama Hannatu: Ku yi haƙuri in karkatar da maganar kaɗan, yanzu na sauka daga aikin dare. Ni hoton kaza da na dutse ba su dame ni ba, su ne ma marasa haɗari. Waɗanda nake tsoro su ne irin waɗanda kwamitoci ke nema: hoton majami'ar ƙauye, da allon suna, da fuskokin sababbin masu bi, da ranar da aka kai gudummawa. Duk mun san abin da yankin Giwa ya sha a hannun 'yan bindiga a shekarun nan. Ka ɗora cewa an kai wa mai bishara babur sabo da kuɗin gini a ƙauye kaza, wa ka sanar? Masu garkuwa ma suna da waya, suna kuma da masu kai musu rahoto. Maman Rahila, kin yi daidai da ba ki faɗi sunan garin ba ko a nan.

Baba Bitrus: Wannan kam ta shige ni. Mu ne muke matsa musu su turo hoto don a nuna a sujada, wani lokaci har a ɗora a shafin ikilisiya. Zan kai wa kwamiti.

Amma ban sauka daga maganata ta farko gaba ɗaya ba. Mai bayarwa yana da hakkin ya san abin da ake ciki. Da 'yata tana rubuto mana irin labarin tsohuwar nan da akushinta duk wata uku, a karanta a gaban jama'a ba tare da sunan gari ba, da wanda ya ga kaza ya san kaza ce ta shekara. Shiru ne ke haifar da zargi. Rahoton da muke samu daga masu bishara layi uku ne: mutum kaza sun tuba, an yi baftisma kaza, muna bukatar kaza.

Malam Habila: Baba, abin da takardar ta tambaya ke nan. Babu gurbin tuwo a cikinta.

Baba Rabaran Dauda: Habila ya gaya maka. To tunda ana maganar hakki, Bitrus, in tambaye ka a gaban yara, ka yafe mini. Masu bisharar da ke ƙarƙashin kwamitinku, yaushe rabon da a aika musu?

Baba Bitrus: Baba ka kama ni. Wata biyu ake bin mu. An karkatar da hankali wajen rufin sabon gini.

Ladi: Ban ce komai ba.

Mama Kande: Gara da ba ki ce ba. Habila, ku fa, naku ya zo?

Malam Habila: Mama, a bar wannan. Mun yi noma, masara ta yi kyau, akwai ɗan waken suya. Kuɗin asibiti akuya muka sayar.

Mama Kande: Akuya. To. Zumuntar Mata muna da taro ranar Laraba da yamma, zan ɗaga maganar. Kar ku tafi ba ku biyo ta gidana ba. Akwai daddawa da na ajiye, da kuɓewa busasshiya, da manja kwalba biyu. Gishiri da sabulu kuma a kai wa Iya mai akushi, a ce daga wata tsohuwa 'yar'uwarta a Wusasa. Yaushe za ku koma?

Maman Rahila: Alhamis da safe in Ubangiji ya yarda, Mama, bayan an sake duba kunnen. A Kwangila za mu hau motar Giwa, daga can babur. Mun gode ƙwarai.

Baba Bitrus, na karɓi maganar rubutu, zan riƙa yi. Wanda ya aiko saƙon ma zan rubuta masa da kaina, ba da faɗa ba. Hotunan dai ban san ko zan mayar ba tukuna.

Amma akwai wanda nake so in wanke a takarda. Da za mu taho, Iya ta ce mahaifiyarta ta sha ba ta labarin Kufena, ita kuwa ba ta taɓa wuce kasuwar Giwa ba. Ta ce in na je in dubo mata ko da gaske ya kai yadda ake faɗa. Idonta ba ya ganin na waya sosai. Ina ake wanke hoto babba da araha, PZ ko Sabon Gari?

Haruna Samaru: Turo mini ta akwati, Yaya. Akwai masu yi a bakin ƙofar jami'a, motarku ma ta nan za ta bi. Ki kira ni in kun baro Kwangila, zan tsaya a bakin titi da shi.

Ladi: Ka wanke har da na kazar, a kai wa Baba Bitrus.

Baba Bitrus: Yarinyar nan, zan gamu da ubanki ranar Lahadi.